Hagun Karimatu

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu turo min saƙo tun jiya cewa na bar ku a tsaye a bakin fili, na ji ku, ku matso kusa. Muna nan dai a zauren wasanni na Edmonton, yammacin Asabar, watan Maris na 1977.

*

Ashirin da huɗu da ashirin da ɗaya.

Abin da allon maki ya nuna ke nan da aka busa hutun rabin lokaci, kuma ba 'yan matan kwalejin St. Oswin ne a sama ba.

Wasa ashirin da shida suka yi a jere ba wanda ya doke su a ƙwallon kwando na kwalejojin London. Tara daga ciki da ƙyar aka sha, tazarar ba ta kai maki huɗu ba. Shi ya sa duk Asabar 'yan gida Najeriya ke cika bas su biyo su, ɗaliban da jihohi suka turo karatu da arzikin mai, da matan ma'aikata da filas ɗinsu na kunu. Yau kuwa wasan kusa da na ƙarshe ne, a gidan 'yan Lea Bank.

Hansai ba ta bi sauran 'yan ƙungiyarsu ta St. Oswin zuwa ɗakin canza kaya ba. Bayan kyaftin ɗinsu Karimatu ta bi, har banɗakin da ke tsakanin ɗakunan ƙungiyoyin biyu, ta turo ƙofar da ƙafa.

"Yaya Karima."

Karimatu na sunkuye a kan famfo tana watsa ruwa a fuska. Ba ta ɗago ba.

"Yaya Karima, magana nake."

"Ina ji."

"Me na yi miki?"

Sai a lokacin ta miƙe. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci yarinyar. Shekara biyar ta ba Hansai, flat ɗaya suke zaune, tukunya ɗaya suke ci, kuma ba ta taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba.

"Faɗi abin da ke ranki. Minti shida ya rage mana."

"Sau uku!" Hansai ta ɗaga yatsu. "Sau uku ina fita dama, ba kowa a kaina, kina kora ni da hannu in koma hagu. Ni fa tun a makarantarmu ta Funtua dama ce gefena. Can nake cin maki. Amma tun watan Nuwamba kin maƙale ni a hagunki kamar jakar hannu. In na matsa ki harare ni. In na yi shiru ki ce in yi magana. Gaya min gaskiya, tsoro kike kar a ce wata ta fi ki?"

Da kalmar ta fita ta so ta mayar da ita. Ina.

Karimatu ba ta yi fushi ba. Wani ɗan murmushi ma ta yi, irin na wadda ta gaji.

"Zo nan. Tsaya a gabana."

Hansai ta matso tana huci.

Karimatu ta ɗora tafin hannunta a kan idonta na dama, ta rufe shi ruf. Na hagun yana buɗe, fari tas, ba ja ba kumburi, yana kallon Hansai kamar kullum.

"Yanzu ba na ganinki."

"Ban gane ba."

"Ba na ganinki, Hansai. Ba na ganin famfon nan, ba na ganin fitila. Hazo ne kawai, kamar an shafa wa gilashi man shanu."

Hansai ta ja da baya. Ta dafa bango.

"Innalillahi... Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Kin tuna Larabar da na ce miki zan je laburare a Aldwych, na dawo ban ci abinci ba? Marylebone na je, wurin likitan ido."

"Anti Margaret ta sani?"

"Da kocinmu ta sani, da a benci kike ganina."

"Chundung fa, da muke flat ɗaya?"

"Ba wanda ya sani. Ke ce ta farko." Ta sauke hannun. "Kin san dalilin da ya sa na zaɓe ki? A duk ƙungiyar nan ba mai surutunki. Bakinki ba ya hutawa. In kina haguna kina ihu, na san inda kike, na san inda mai tsaron ki take, na san ko an biyo ni ta baya. Maki nawa na ci tun Nuwamba? Rabinsu da kunnena na ci su, kuma muryarki ce. Ba jakata ba ce ke. Idona ce."

Hawaye ya cika wa Hansai ido. Wata huɗu tana cin abinci da wannan baiwar Allah, tana ganin tana zuba shayi yana sauka a gefen kofi, tana yi mata dariya wai barci ne bai ishe ta ba.

"Yaya, ki yafe min. Wallahi ban..."

Ƙarar ruwa ta katse ta.

Ƙofar bayi ta ƙarshe ta buɗe. Wata doguwar baƙar yarinya ta fito, rigar Lea Bank a jikinta, lamba tara. Ita ce ta hana su sakat tun da aka fara wasa. Su duka sun ɗauka 'yar Jamaika ce.

Ta zo famfo, ta wanke hannu a tsanake, ta yarfe.

"Sannunku da wasa," ta ce.

Hansai ta zaro ido.

"Kina... kina jin Hausa?"

"Ni Sakinatu. Kumasi aka haife ni, cikin zango. Kaka na ɗan Katsina ne, goro ya kai shi can." Ta yi dariya, haƙoranta farare. "Tun da aka fara ina ji ku. Kun ce Dala, dogon yarinyan nan ya shiga ƙarƙashin kwando. Kun ce Kurmi, Baturen ku ya fita gefe. Ni ma sai in bi shi."

Ashe abin da ke cin su ke nan. Shekara biyu Karimatu na kiran dabarunsu da sunayen wuraren Kano, har Turawan ƙungiyar sun haddace, ba wata ƙungiya a London da ta taɓa gane ko ɗaya.

Karimatu ta dube ta ido cikin ido.

"Abin da na faɗa yanzu fa?"

"Na ji duka."

"Za ki kai wa kocinku?"

Sakinatu ta goge hannu a gajeren wandonta.

"Ciwon mutum ba abin kai wa koci ba ne. Ba ni faɗi ma kowa." Ta kama hannun ƙofa, ta waiwayo. "Amma kyaftin, ni ma ci na zo yi. Ka tsare hagu naka."

Ta fita.

Hansai ta kama hannun Karimatu.

"Mun shiga uku. Yaya, mu gaya wa Anti Margaret yanzu."

"Wanke fuskarki."

"Yaya..."

"Na ce wanke fuskarki. Ba a shiga fili da hawaye."

*

Sakinatu ba ta yi ƙarya ba.

Minti biyu da komawa ta lallaɓo ta hagun Karimatu kamar kyanwa, ta zare ƙwallon daga hannunta, ta sheƙa ta zura. 'Yan Edmonton suka ɗauki ihu suna buga ƙafa a katako.

Hansai ta buɗe maƙogwaro iya ƙarfinta.

"Tana bayanki! Hagu! Hagu, Yaya!"

Haka aka yi ta ja. Su ci, a rama. Chundung, doguwar 'yar Jos da ke tsaron ƙarƙashin kwando, ta sha gwiwar hannu a haƙarƙari har sau biyu ba ta ko yamutsa fuska ba. Maureen, Baturiyar ƙungiyar mai jan gashi, ta jefa biyu daga nesa suka shiga. Tazarar ta ƙi wuce uku, ta kuma ƙi rufewa.

Sai Sakinatu ta yi abin da Hansai ba za ta manta ba har ta mutu.

Saura minti uku da 'yan daƙiƙu. Karimatu na tafe da ƙwallo, mutum biyu sun tare ta. Hansai ta zagaya ta bayan Chundung don ta kuɓuce wa mai tsaron ta, numfashinta ya ɗauke na ɗan lokaci, ba ta yi magana ba.

Sai wata murya ta tashi daga hagu, siririya, da Hausa:

"Yaya! Ga ni! Ba ni!"

Karimatu ba ta ko juya ba. Ta wurga.

Ƙwallon ta faɗa hannun Sakinatu.

Zauren ya kusa tsagewa. Kafin kowa ya farga ta kai kwando ta ajiye ta a hankali, ta dawo tana gudu da baya, ba ta kalli kowa ba.

Arba'in da ɗaya da talatin da shida.

Anti Margaret ta miƙe daga benci ta nemi a tsayar da wasa.

*

Margaret Katung ba mai ihu ba ce. 'Yar Kafanchan ce, ta zo ƙaro ilimin koyar da wasanni, ta karɓi ƙungiyar shekara biyu da suka wuce lokacin da ba wanda ya san da ita. In ranta ya ɓaci, muryarta ƙasa take yi.

Yanzu da ƙyar ake jin ta.

"Karimatu. Kin ba abokiyar gaba ƙwallo a hannu. Ba ki ko duba ba. What is wrong with you?"

'Yan matan sun yi da'ira, gumi na ɗiga a katako. Hansai ta sunkuyar da kai. Ta san Karimatu za ta ce gajiya ce, ko zamewa ta yi.

Karimatu ta ja numfashi. Da Turanci ta yi magana, don Maureen da sauran su ji.

"Idona na hagu ba ya gani. Wata huɗu ke nan. Na ɓoye muku, ban kyauta ba. Lamba tara ta sani, kuma tana jin Hausa, duk kiranmu a tafin hannunta yake."



Chundung ta rufe baki da hannu. "Yesu," ta ce a hankali.

Anti Margaret ta dube ta. Sannan ta juya wajen benci, ta buɗe baki za ta kira wata.

"Anti." Karimatu ta koma Hausa. "Dubi allo."

"Na gani."

"Biyar a baya, saura minti uku. Ai wannan Talata ce."

Wata dariya ta kuɓuce wa Chundung cikin hawaye. Maureen ta tambaya me aka ce, aka faɗa mata, ita ma ta yi murmushi.

Don kuwa gaskiya ne. Mutane na cewa 'yan St. Oswin sa'a gare su, wasu na cewa addu'ar iyaye ce, wani ɗan jarida ma ya rubuta wai jininsu sanyi ne. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ga abin da ake yi duk Talata da Alhamis. Sai an gama horo, ƙafa ta yi laushi, kowa na hangen bas ɗin gida, sannan Anti Margaret za ta ɗauki alli ta rubuta a bango: biyar a baya, minti uku. Ta sa su biyar su kara da mutum bakwai, har da 'yan aro. In ba su ci ba, a sake. In sun ci da hayaniya, a sake. Akwai ranar da suka sake sau tara, Hansai ta yi amai a kwandon shara ta dawo ta tsaya a wurinta. Wannan lungun da sauran ƙungiyoyi ke shiga su rikice, su ɗakin kwanansu ne.

"Me kike so ki yi?" in ji Anti Margaret.

"In sauka daga tsakiya. Zan koma kusurwar hagu in manne da layi. In layi ne a haguna, ba mai zuwa min ta can sai ta fita daga fili. Ba sauran kira, ba Dala ba Kurmi, kowa ta san wurinta." Ta juyo da kanta gaba ɗaya. "Hansai ce za ta riƙe ƙwallo."

"Ni?" in ji Hansai. "Yaya, ban taɓa..."

"Kin yi wata huɗu kina gaya min abin da ke faruwa a fili. Yanzu ki gaya wa kanki."

Alƙaliyar wasa ta busa.

Anti Margaret ta riƙe hannun Karimatu kafin ta wuce.

"Minti uku na ba ki. Bayan wasa, ni da ke."

"Na yarda, Anti."

*

Abin da ya fara ba 'yan Lea Bank mamaki shi ne shirun.

Ba kira, ba ihu. Hansai ta taho da ƙwallo tana buga ta a ƙasa a hankali, kamar su ne a gaba da maki goma. Magoya bayan St. Oswin suna ta yi mata tsawa ta yi sauri. Ba ta ji su ba. Ta jira har Chundung ta juya wa mai tsaron ta baya, ta cilla mata sama inda ba mai kaiwa.

Arba'in da ɗaya da talatin da takwas.

'Yan Lea Bank suka so cinye lokaci. Suka yi ta zagaye da ƙwallo, daga ƙarshe ɗaya ta jefa a gaggauce. Ta daki ƙarfe. Chundung ta tashi ta cafke ta da hannu biyu, ta rungume a ƙirji kamar jaririya.

Maureen ta kutsa ciki aka make mata hannu. Jifa biyu. Ta tsaya a layi, ta goge tafinta a riga, ta zura ta farko. Ta zura ta biyu.

Arba'in da ɗaya da arba'in.

Wata hajiya a cikin 'yan kallo ta miƙe ta rangaɗa guɗa, Turawan da ke kusa da ita suka firgita.

Amma Sakinatu ba ta gama ba. Ta karɓi ƙwallo, ta yi kamar za ta dama, ta bi ta ƙarƙashin hannun Chundung ta ajiye.

Arba'in da uku da arba'in. Saura minti ɗaya da daƙiƙa biyar.

Da wata ƙungiyar ce, nan za a fara zargin juna. Chundung ta ɗaga hannu kawai, alamar laifinta ne, ta ɗauko ƙwallon ta miƙa wa Hansai.

Hansai ta haura. Ta hango Karimatu can a kusurwa, kafaɗarta ta hagu na shafar layi, ta karkato da fuska don idon dama ya ɗauki fili duka. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta ce uffan ba. Gwiwarta kawai ta ɗan lanƙwasa.

Hansai ta wurga mata.

Ƙwallon ba ta ko zauna a hannunta ba. Ta tashi, ta yi baka a sama, ta faɗa raga ba ta taɓa ƙarfe ba.

Arba'in da uku da arba'in da biyu.

"Allahu Akbar!" wani ya faɗa daga sama.

Saura daƙiƙa arba'in. Ƙwallo a hannun Lea Bank, kuma abin da suke buƙata kawai su riƙe ta. Suka ba Sakinatu, don ita kaɗai ce ba ta rikice ba. Hansai ta manne mata. Ta bi ta dama, ta bi ta hagu, ba ta kai hannu ba don kar a busa mata fawul, ta dai yi ta tura ta da ƙirji tana matse ta zuwa layi taku bayan taku. Sakinatu ta nemi juyawa, ta tarar Maureen ta rufe hanyar. Ƙwallon ta daki gwiwarta ta fita.

Busa.

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya. Ta St. Oswin ce.

Duk wanda ke zauren ya san hannun da za ta je. A wasanni taran nan da aka sha da ƙyar, shida Karimatu ce ta jefa ta ƙarshe.

Maureen ta shigo da ita ga Hansai.

Goma. Tara.

Sai Karimatu, wadda ta ce ba sauran kira, ta buɗe murya daga kusurwa har ana ji a bakin ƙofa:

"Hansai! Ba ni! Ba kowa a kaina, ba ni!"

Sakinatu ta ji. Ta saki Hansai ta ruga kusurwa, wata ma ta bi ta.

Hansai ta ɗaga ƙwallon za ta wurga, sai ta ga fuskar Karimatu. Baki na cewa ba ni, ido na nuna mata dama.

Dama. Gefenta. A buɗe, kamar titi ranar Lahadi.

Ta kutsa.

Taku ɗaya, taku biyu, ta tashi. Wata ƙatuwa ta taho ta gefe ta banke ta a sama. Ta faɗi a kan kafaɗa, ƙwallon ta yi nata wuri.

Busa. Fawul. Jifa biyu, saura daƙiƙa biyu.

Chundung ta ɗago ta. Hansai ta tsaya a layi, kwandon ya yi mata nisa kamar Funtua. 'Yan Edmonton na ihu, suna kaɗa hannu a bayan katakon kwando. Yatsunta sun mutu. Ta buga ƙwallon a ƙasa sau ɗaya ta kusa kuɓuce mata.

Karimatu ta zo wucewa ta bayanta zuwa wurin tsayuwarta, ta ɗan rage tafiya.

"Ke, wai wa ta bar tukunyar shinkafa a flat ba ta jiƙa ba?"

Hansai ta juyo baki buɗe.

"Chundung ce!"

"Ƙarya ne, wallahi ke ce!" in ji Chundung daga gefen layi.

Dariya ta kama Hansai, a nan, a gaban mutum ɗari uku. Kafaɗunta suka sauka. Ta ji yatsunta sun dawo.

Ta yi bismilla ta jefa.

Arba'in da uku da arba'in da uku.

Ta karɓi ta biyu. Ba ta jira ba. Ƙwallon ta daki gaban ƙarfe, ta hau, ta yi zagaye ɗaya a baki tana shawara.

Ta faɗa.

'Yan Lea Bank suka cilla wata doguwa daga ƙarshen fili, ko rabi ba ta kai ba aka busa tashi.

Wasa ashirin da bakwai a jere.

*

Hansai ba ta san wa ya ɗaga ta ba, ba ta san inda ɗankwalinta ya faɗi ba. Ta dai ga Sakinatu ta ratso cikin taron har gaban Karimatu, ta miƙa hannu.

"Kai mugu ne, kyaftin. Ka sa na gudu banza."

"Ke kika fara ara muryar mutane."

Sakinatu ta yi dariya, idonta ya yi ja.

"Allah ya ba ka lafiya."

"Amin. Gobe ki zo flat ɗinmu, akwai tuwo da kuka. Hansai za ta rubuta miki lambar bas."

Murnar ba ta bi su cikin ɗakin canza kaya ba. Anti Margaret ta jira kowa ta shiga, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita. Takarda ce a hannunta, ta sunayen waɗanda za su buga wasan ƙarshe ranar Asabar mai zuwa. Dole a miƙa ta ga sakatariyar gasa kafin a bar zauren.

"Karimatu. Me likitan ya ce? Duka nake so, ba rabi ba."

Karimatu na zaune a benci tana kwance igiyar takalmi. Ta daɗe a kan ƙulli ɗaya.

"Ya ce na hagun ya tafi."

"Sai me?"

"Ya ce abin da ya same shi yana iya samun na daman. Wai bayan idon ya yi siriri." Ta zare takalmin. "Ya ce in wani abu ya buge ni a kai da ƙarfi, ko gwiwar hannu, ko faɗuwa... yana iya tafiya shi ma."

Hansai ta ɗago kai. Wannan ba a gaya mata a banɗaki ba. Ta tuna ƙatuwar da ta banke ta ɗazu. Da Karimatu ce a wurin fa?

"Kuma kika buga wasa goma sha ɗaya a haka," in ji Anti Margaret. Ta zaro biro. "Na cire ki."

"Ba ki da iko, Anti."

Anti Margaret ta ɗago daga takardar.

"Me kika ce?"

Karimatu ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba rashin kunya a muryarta, ladabi ne zalla, shi ya sa ma ta fi ciwo.

"Ke kika kafa dokar, ranar da kika karɓe mu. Kin ce 'yan wasa ke naɗa kyaftin, su ke sauke ta, koci ba ta da hannu. Kin ce kyaftin ba ta zama a benci sai ƙungiya ta ce ta zauna. Watan Yuni zan koma Kano, Anti. Daga nan ba ni ba fili har abada. Wasa ɗaya ya rage min a duniya. Idona ne, na san abin da nake sa wa a gaba. In sun ce in zauna, wallahi zan zauna in riƙe musu ruwa."

Anti Margaret ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, sun kaɗa.

"To. Amma kowacce ta san abin da take ɗaga wa hannu. Ba kofi kuke zaɓa ba." Ta maimaita da Turanci. "Masu cewa ta buga."

Maureen ta ɗaga, tana kallon ƙasa. Wasu uku suka bi ta.

"Huɗu. Masu cewa ta zauna."

Chundung ce ta fara, hawaye na zuba har haɓa.

"Ki yi haƙuri, Karima. Gara ki tsane ni kina ganina."

Hannu uku suka ƙaru.

"Huɗu," in ji Anti Margaret.

Su tara ne masu zaɓe.

Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka juyo wajen Hansai, wadda ke tsaye a gefen Karimatu, hannayenta biyu a matse a ƙirji.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Team sheet, please, ladies. Two minutes."

Anti Margaret ta ɗora bakin biro a kan takarda.

"Hansai. Ke kaɗai kika rage."

Karimatu ba ta juyo ba. Bango take kallo, ta miƙe kyam kamar mai jiran busa.

"Ki faɗa da baki, ƙanwata," ta ce a hankali. "Kina haguna. Ko kin ɗaga hannu ba zan gani ba."